DARA TA CI GIDA: SALULA DA ZUMUNCI A ƘASAR DAMARGU

Tun fil azal Damargu ƙasar matafiya ce. Ta nan ayarin raƙuma ke ratsawa tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, su sauke gishiri da dabino, su ɗauki hatsi, domin Damargu ita ce rumbun Abzin. Da ayari ya ja baya mota ta karɓe hanya, tafiyar ba ta mutu ba, suna kawai ta sake, ta koma biɗa. Duk shekara, da an gama girbi an rufe rumbu, majiya ƙarfi na Falanko da Gangara da Olelewa da Tarka sai su watse: wasu Kano, wasu Libiya, wasu Aljeriya, daga 2014 kuma wasu suka karkata zuwa ramukan zinariya na Jado. A bar gari da tsofaffi da mata da yara. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da wayar salula ta zama a yankin ba, kuma duk hukuncin da ya yanke mata daga ofishi mai sanyi a Yamai, hukunci ne na wanda ya ji labarin rijiya bai taɓa jan guga ba.

A da, ɗan biɗa in ya tafi ya tafi ke nan, sai ran da Allah ya yi dawowarsa. Labarinsa kan zo a bakin direban babbar mota, ko cikin wasiƙar da wani ya rubuta masa, wani kuma ya karanta wa iyalinsa, ta yadda sirrin miji da mata sai ya bi ta hannun malamin allo ko mushen lakwal kafin ya kai kunnen mai shi. Daga baya aka samu dabarar kaset. Mutum ya zauna gaban rakoda a Sabha ko Tamanrasat, ya gaida kowa da sunansa, daga maigari har jaririn da aka haifa bayansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba shi. Kaset ta yi makonni tana tafe. In ta iso a shimfiɗa tabarma, a tara gida, a saurara tare. Ga kuma filin zaɓi sonka na rediyo, inda gaisuwa ke fita duniya ta ji. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan hanyoyi suna da halaye biyu: magana tana tafiya sannu, ta huce a hanya, kuma ana jin ta a gaban shaidu.

Waɗannan halaye biyu su ne salula ta rushe. Ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, kamfanoni suka yi ta sake suna kamar hawainiya: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Orange ta zo a 2008, ta sayar da kanta a 2019, ta koma Zamani, Sonitel da SahelCom aka haɗe su a 2016 aka sami Niger Telecom. Amma juyin gaskiya ga mutumin Falanko bai zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba. Ya zo ne da saƙon murya, wanda WhatsApp ya fito da shi a 2013, ya kuma bazu a karkara sa'ad da manyan wayoyi masu araha suka cika kasuwa. A ƙasar da wajen mutum ɗaya ne cikin uku na manya ke iya karatun boko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta sami wasiƙar da ba ta bukatar marubuci: ta danna, ta yi magana da Hausa ko Barbarci ko Buzanci ko Fulatanci, ta saki.

Dole a yi wa wayar adalci kafin a kai ta kotu. Ɗan kasuwar hatsi a Tanut yana sanin kuɗin tiya a Damagaram da Agadas kafin ya ɗaura buhu a mota. Dillalin dabbobi yana tura hoton raƙumi ko rago, a yi ciniki, a tura kuɗi ta Nita ko Al Izza, ba tare da kowa ya kwana a tasha da damin kuɗi a ƙugu ba. Rasuwar da a da ake ji bayan sadakar arba'in, yanzu ana jin ta kafin a kai gawa makwanci. Mai naƙuda ana kira mata mota. Wanda ya ce a koma zamanin kaset, bai taɓa yin wata shida bai san ko ɗansa na raye a Sahara ba.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Matsalar ta fi bayyana a ɗakin aure, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin shi ne wurin da manya suka fi jin kunyar magana a kai.

Mijin da ya tafi biɗa a da, rashinsa cikakke ne. Matar ta san ba ya nan, ta ɗaure ɗamara, ta riƙe gida ƙarƙashin idon surukai, shi kuma ya ɗauki haƙuri a can. Yanzu ba ya nan kuma yana nan. Ba ya iya ɗebo ruwa, ba ya iya kai yaro likita, amma yana iya tambayar inda aka je da azahar. Tun 2014 WhatsApp ya ƙara wasu ƴan alamomi biyu shuɗɗa masu nuna an buɗe saƙo, ga kuma layin da ke faɗin lokacin da mutum ya leƙa wayar na ƙarshe. Injiniyan da ya ƙirƙiro su a Amurka bai san Falanko ba. Bai san cewa waya guda na iya zama ta gida duka, tana yawo daga hannun ƙane zuwa hannun ɗan maƙwabta ba. Bai san ana aika ta kasuwa wurin mai farantin hasken rana ta wuni tana caji a hannun wani ba. Bai san akwai ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo ba. Mijin da ke Libiya shi ma ya san duk wannan, amma zuciya da kaɗaici ba su cika tuna abin da suka sani ba. Ya ga an buɗe saƙonsa ba a amsa ba, ya ga an leƙa waya da tsakar dare. Daga nan shaiɗan ya samu tabarma.

A gidan da ke da mata biyu ko uku abin ya fi haka tsanani. Shari'a ta raba kwana, al'ada ta raba girki, amma ba wanda ya raba kira. Wa aka fara kira? Wa aka daɗe ana magana da ita? Ta wayar wa aka turo lambar karɓar kuɗi? A zamanin kaset rabon kuɗi kowa ya ji shi da kunnensa, ba wadda za ta zargi wata. Yau kowace tana da nata saƙo a ɓoye, kuma abin da ke ɓoye kullum ya fi girma a idon kishiya.

Sai babbar musiba, wato saki. Malaman Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa lafazin saki bayyananne ba abin wasa ba ne. A da, mutumin da ya fusata a Tamanrasat sai ya nemi mai rubutu, ya nemi matafiyi, kuma tsakanin fushinsa da isar takarda akwai kwanaki da abokan ɗaki da za su ce masa ya ji tsoron Allah. Yau tsakanin fushi da saki daƙiƙa goma ce da babban yatsa. Maganar ta fita, an naɗe ta, ana iya sake sauraronta sau ɗari, ana iya tura ta ga uwa da wa da ƙawa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wannan bunun kuwa ba fita kawai yake yi ba, yawo yake shiga. Ƙasar nan kuma ba ta da dokar iyali, tun da daftarin da aka yi ta cacar baki a kansa a farkon shekarun 1990 bai taɓa zama doka ba. Nauyin ya faɗa kan hakimai da masu gari da limamai, waɗanda ake kawo wa waya a fada a ce su saurara su yanke hukunci, alhali ba wanda ya taɓa zama da su ya tsara yadda za a bi da irin wannan shaida, ko yadda za a tabbatar muryar ta mai ita ce.

Akwai kuma ƙaryar hoto. Ɗan biɗa ba ya ɗaukar hoton ɗakin da suke kwana su goma sha, ko ranar da ɗan kwangila ya hana shi haƙƙinsa. Yana jingina da motar wani, cikin rigar aro, ya ɗauka ya watsa. Ba mugunta ba ce, kunya ce, da son kwantar da hankalin uwa. Amma ƙanensa da ke bin garke a Belbeji yana kallo, budurwar da ake nema tana kallo, uwar budurwar ma tana kallo, kuma kayan aure suna hawa daidai da abin da ido ya gani. Sahara kuwa ba ta sake hali ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance na wannan jiha ta Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yunwa ce ta fitar da waɗannan bayin Allah, ba hoto ba. Sai dai duk abin da ke ƙawata tafiya ya ɓoye wahalarta, yana ƙara wa hanyar nan masu bi.

Daga ɗakin aure sai fada. Sanin kowa ne cewa fadar samari, da butar shayinta da gawayinta da rediyonta, ta bunƙasa ne a shekarun 1990, lokacin da Samariya ta mutu tare da mulkin soja, aikin gwamnati ya ƙafe, darajar sefa ta karye a Janairun 1994. Samarin da ba su da aiki suka ƙirƙiro wa kansu majalisa. An zarge su da zaman kashe wando, amma a fada ake haɗa gudummawar aure da suna, a nan ake sasanta faɗa, a nan ake koyon magana da haƙurin sauraro, tun da shayi uku ba ya dahuwa da gaggawa. Wasanninta ma na jama'a ne. Dara ana yin ta a ƙasa, da ƴan itace da duwatsu, mutum biyu na bugawa goma na kallo, ana zolaya, ana ba da shawarar da ba a nema ba. In an kira salla a share gurabu da tafin hannu a tashi.

Wasan da ya shigo cikin waya ba haka aka gina shi ba. Lido na waya, irin Ludo King da ya fito a 2016, shi ne mai sauƙin lamari, don sau da yawa mutum huɗu ne ke sunkuye a kan waya guda suna ihu, wato tsohon wasa ne a sabon faifai. Wasannin harbi su ne wani abu dabam. Free Fire, wanda ya fito a 2017, yana jefa mutum 50 a tsibiri su yi ta kashe juna na kamar minti goma har a bar ɗaya. PUBG yana jefa 100. Ana shiga kyauta, kuma a nan tarkon yake. Kamfanin ba ya cin riba sai ɗan wasa ya daɗe, saboda haka aka cika wasan da kyautar da ake samu in an leƙo kowace rana, da akwatin sa'a wanda ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe, da tufafi da makaman ado da ake saye da kuɗi na gaske. Sannan ana buga shi ƙungiya-ƙungiya, mutum huɗu, ta yadda yaron da uwarsa ta aika ba zai iya ajiye waya ba tare da ya ci amanar abokai uku ba. Masu wasan sun ɗauki kyakkyawar ɗabi'a, wato rashin yasar da aboki, sun mai da ita igiya.

Ba a ce abotar da ake ƙullawa a can ƙarya ce ba. Saurayin Tanut na iya samun abokin wasa a Kano ko Agadas, su saba, su san muryar juna, har wata rana ɗaya ya sauka a gidan ɗaya. Wa da ƙane, ɗaya a gida ɗaya a Aljeriya, na iya haɗuwa cikin wasa su yi hirar da ba za su iya yi a kira ba, don kunya ba ta barin ɗan Damargu ya ce wa ɗan uwansa yana kewarsa. Amma abokin waya ba ya zuwa gayya, ba ya ɗaukar makara. Kuma sa'o'in da aka ba shi, daga wani wuri aka yanko su: daga barci, daga allo, daga hira da tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka a 2019, ta kuma bayyana cewa ba yawan wasa ne cutar ba, a'a, sai in mutum ya kasa dainawa alhali yana ganin wasan na rusa masa karatu da sana'a da zaman gida, har abin ya kai kamar shekara. Wannan ma'auni ne mai kyau, kuma kowane uba na iya aunawa da shi ba sai ya je likita ba.

Abin da ya fi wasa haɗari shi ne ƙaninsa, cacar ƙwallo. A da mai caca sai ya je inda ake yi, a gan shi, a yi masa kallon banza. Yanzu gidan caca yana cikin aljihu, kuma kuɗin da ke shiga ba a jin nauyinsu a hannu. Ɗan kasuwar da ya bar yaro a kanti da wayar da ake karɓar kuɗin ciniki, ya kamata ya san da wa ya bar shi. A Kano, Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ta rufe ƙofar da ake gani ke nan. Wadda ke cikin waya ba ta da kwado.

Kada ma'aikata su ɗauka maganar ta samari da ƴan biɗa ce kawai. Malamin kwantaragi da aka tura wani ƙauyen Falanko, ko ma'aikacin gidan likita da ya bar iyali a Damagaram, shi ma ɗan biɗa ne, sai dai da takardar gwamnati. Magabatansa in sun je ƙauye dole su zauna da mutane, su ci tuwonsu, su koyi harshensu, don ba su da wata hira sai tasu. Da yawa sun tashi da abokai na har abada, wasu da mata. Na yau yana iya shekara uku a gari jikinsa kawai ke nan, ransa na zauren WhatsApp na ƴan ajinsu. Iyayen yara suna lura, ko ba su faɗa ba.

To ina hukuma a duk wannan? Hukuma ta san waya sarai, amma ba ta tuna da ita sai ran da aka taɓa kujera. A 2019, zamanin Mahamadu Isufu, aka kafa dokar laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da watsa abin da aka kira mai tada hankalin jama'a. A 2020 ƴar jarida Samira Sabu ta kwana a kurkuku saboda rubutun Facebook. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, aka yanke intanet na salula har kwana goma. Rikicin a Yamai ake yi, amma matar da ke Falanko tana jiran saƙon mijinta, da dillalin da ke jiran hoton kaya, su ma an yanke su, ba wanda ya ba su haƙuri. A 2022, zamanin Bazum, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi. A Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta maido shi. Farar hula da soja, kowa ya taɓa dokar nan, kuma duk gyaran da aka yi mata a kan abu guda yake juyawa: me za a yi wa wanda ya yi magana. A maƙwabta ma haka: a 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala ashirin-ashirin saboda sun yi wa gwamna ba'a a TikTok. Mutuncin manya yana da masu gadi. Yarinyar da tsohon saurayi ke yi wa barazana da hotonta, ko da doka ta ambaci irin laifin a takarda, wa zai kai ta gaban alƙali a Tanut, da wane kuɗin mota, kuma da wace fuska?

Wasu za su ce a hana kawai. Sin ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako a 2021, Ostireliya kuma ta kafa dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 shiga shafukan sada zumunta a 2024. Waɗannan ƙasashe ne da kowane yaro ke da takardar haihuwa da waya tasa ta kansa. A inda waya guda ke hidimar gida duka, kuma layin na da sunan wani kawu, wa za a hana? Banda haka, tarihin da aka zayyana a sama ya isa ya sa mai hankali ya yi taka-tsantsan da miƙa wa kowace gwamnati sabon makulli. Wanda aka ba don kare yara, ba a san ƙofar da za a rufe da shi gobe ba.

Abin da ake bukata ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi wuya. Majalisar malamai da sarakunan Damargu su zauna su fitar da matsaya guda, a bayyane, kan sakin da aka yi ta saƙon murya: yadda ake tabbatar da shi, da wanda za a kira shaida, da haƙƙin matar da aka saka daga nesa, a karanta a masallatan Juma'a kafin lokacin tafiya biɗa. Gidajen rediyon karkara, waɗanda har yanzu ake saurare a bukka da rijiya, su buɗe fili inda waɗanda suka dawo za su faɗi abin da hoto bai nuna ba. Hukumar ARCEP, mai sa ido kan kamfanonin sadarwa, tare da masu kula da harkar caca, su tilasta a raba asusun ciniki da na caca, a kuma daina tura tallar caca ga layin da bai nema ba. Lakwal ta koya wa yaro yadda wasan kyauta ke cin kuɗi, kamar yadda take koya masa lissafin riba da faɗuwa, tun da rabin al'ummar ƙasar nan ba su wuce shekara 15 ko 16 ba.

Akwai kuma tambayar da ƴan kasuwar Tanut ke da ikon yi da babbar murya. Matatar mai ta SORAZ tana cikin gundumarsu, a yankin Olelewa, tana aiki tun 2011, kuma doka ta ware wa yankunan da ake haƙo arzikin ƙasa kaso daga kuɗin da ke shiga. Samarin da ke raba dare suna harbin juna a tsibirin da babu shi, ba ƙin filin ƙwallo suka yi ba, ba ƙin wurin koyon sana'a ko lambun rani suka yi ba. Daga girbi zuwa shuka wata bakwai ne ko takwas, kuma a yawancin garuruwan Damargu abu biyu ne kawai aka ajiye wa saurayi ya cika su da shi, motar Agadas da waya. Masu riƙe da kasafin Tanut da Belbeji su fito su faɗi nawa suka ware wa na uku.